Mugun Bangon Fim

Mashkura na tsakar gidansu a Goronyo tana taya Inna Sabuwa zaɓen albasa, sai ga mahaifinta Malam Attahiru ya shigo, ƙaninsa Baffa Sa'adu na biye da shi da waya a hannu.

"Ke, wa na wanga?" in ji Malam, fuska a murtuke, yana nuna mata hoton da ke cikin wayar.

Tana dubawa ta gane shi. Almustapha ne, saurayinta na Rimawa, wanda aka sa musu rana bayan an cire albasa. Ya naɗe fuska da rawani, ido jajir, bindiga a kafaɗa, hayaƙi na tashi a bayansa.

"Baba, furojek ɗina na, wallahi ba gaskiya ba ta."

Ita dai ɗalibar aikin jarida ce a Sakkwato, an ba su aikin tsara bangon fim mai tayar da hankali. Da ta rasa wanda zai fito a mugu, sai ta lallaɓa Almustapha, mutumin da ko akuya ta shiga gonarsa da lallashi yake korar ta. Aikin ya yi kyau, kai ya kumbura, ta ɗora a sitatus don ƙawaye su yaba. Wani ya yanke sunan fim ɗin ya bar hoton tsura, ya watsa a guruf-guruf. A ƙasar da ta sha wuya a hannun 'yan bindiga kuwa, ba a wasa da irin wannan hoto.

"Daga Rabah har Wurno an gane shi," in ji Baffa Sa'adu, wanda shi ma da hannunsa ya tura wa dangi. "Yaya, a mai da masu kayan aurensu kawai."

Mashkura ta rarumo laftof ɗinta don ta nuna musu, Malam ya ɗaga hannu.

"Na'ura ta, abin da anka sa ta shi taka yi. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda gari ka nunawa da yatsa."

Ta fashe da kuka. Inna Sabuwa ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, kayan ba su ruɓewa. Bari har ka ga idon yaron." Malam ya fice.

Da ta kira Almustapha, ya gaya mata 'yan sa-kai sun fara tambayar gidansu, mahaifiyarsa na ta roƙon ya gudu Sakkwato.

"Ka tafi, don Allah. Ni nij ja maka."

"In na gudu, hoton ya zama gaskiya ke nan. Kuma ni nit tsaya anka ɗauka, ba ki ɗaure ni ba. Daina kuka."

Ranar kasuwar Goronyo ya hau babur, kansa ba ko hula, ya ratsa tsakiyar jama'a ya yi sallama a zauren Malam. Ganin ya kawo kansa ya sanyaya jikin tsohon, ya ce a kira yarinyar ta zo da na'urar tata.

Ta durƙusa ta buɗe aikin, ta shiga cire abin da ta ɗora ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi ya tafi, jan ido ya tafi. Da ta cire bindigar, sai ga shebur. Da ta cire duhun da ta lulluɓe bayan hoton da shi, sai ga fadamar albasa, can gefe wani dattijo ya duƙa yana fama da injin ban ruwa.

Malam ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ba ni na ba?"

"Kai na, Baba," in ji Almustapha, kai a ƙasa. "Ranar da injin yam mutu, niz zo niy yanko maka ruwa daga kwalbati."

Kunya ta kama Malam Attahiru har ya rasa inda zai sa ido. Ya juya ga ƙaninsa. "Sa'adu, duk inda kat tura, ka bi da muryarka ka warware." Sannan ya kama hannun Almustapha, bai sake shi ba sai da ya kai shi gaban mai gari da shugaban 'yan sa-kai, ya tsaya masa shaida da bakinsa.

Mashkura ta goge bangon, ta tsara wani: kwalekwale ba kowa ciki a bakin dam ɗin Goronyo. An ɗaura aure a ranar da aka sa, Baffa Sa'adu ne ma ya fi kowa rabon goro.

Har yau ba ta gajiya da gode wa Allah, da Innar da ta ce a dakata, da mijin da bai taɓa goranta mata ba. Darasin a bayyane yake: kafin ka ɗora abu a waya, ka tuna halin da garinku yake ciki, kafin ka tura kuma ka bincika. Danna guda ta yi don a yabe ta, ta kusa rasa miji, shi kuwa ya kusa rasa ransa.