Wifin Da Ya Ƙi Zama

Rashid yana cikin ƙoƙarin buɗe wata tsohuwar salula a shagonsa na bakin tashar Dogon Dutsi, sai ga wata budurwa ta shigo rungume da ordinata, wato kwamfuta. Ta ajiye ta a kan teburinsa a hankali, kamar wadda ta kawo mara lafiya asibiti.

"Sannu da aiki, Malam. Na sawo kile ta wifi, 'yar na'urar nan da ake sokawa a gefe, na soka, amma ba ta ganin rezo ko ɗaya, balle ta shiga intanet."

Ya ɗaga kai ya dube ta, sukurun da ke hannunsa ya faɗi ƙasa. Har yau ba a gan shi ba.

Sunanta Fadila, ɗiyar Modibbo mai shanu. Karatun kiwon lafiyar dabbobi take ta intanet, maƙwabcinsu ma'aikaci kuma ya bar mata wifinsa. Da Rashid ya kunna ordinatar sai ya ga abin da bai zata ba. Manhajar Linux ce a ciki, shi kuwa sunanta kawai ya sani.

"Wa ya sa miki wanga abu?"

"Yayana na Yamai. Ya ce kyauta ne, kuma ba ya kamuwa da ciwo. Ka iya shi?"

"Ƙwarai kuwa," in ji Rashid. Allah ya yafe masa.

Sai da ya sha bincike a wayarsa kafin ya gano kilen tana buƙatar pilot, wato ɗan manhajar da ke haɗa ta da ordinata. Pilot ɗin a intanet yake, intanet kuma ba ya samuwa sai da pilot ɗin. Ya yi wa Fadila bayani, ta rikice. Ya sake yi, shi ma ya rikice. Daga ƙarshe ya jona wayarsa da igiyar caji, ordinatar ta sha intanet daga nan. Ya buɗe baƙin allon da ake ba ordinata umarni, yana kwafo umarni cikin Turancin da bai wadace shi ba. Rubutu ya yi ta gudu. Can sai fitilar kilen ta kama ƙyaftawa.

"Ya kama!" Fadila ta tafa hannu. Ta karɓi lambarsa, wai ko da wani abu zai taso.

Ya kuwa taso. Ba a jima ba saƙo ya shigo: "Malam Rashid, wifin ya ɓace. Ni ban taɓa komi ba."

Ya hau kabu-kabu har gidansu, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya maimaita aikin. Ta kawo masa fura da nono mai sanyi. Aiki ya ƙare, hira ba ta ƙare ba.

Haka abin ya zama. Wifi ya zauna, ya ɓace, Rashid ya zo. Tun tana ce masa Malam har ta koma "Rezona", shi kuma yana ce mata "Fadina".

A ransa Rashid ya gama yanke hukunci cewa ita ke ɓata abin don ta gan shi, kuma daɗi ya cika shi. Fadila ita ma ta tabbata shi ke barin aikin rabi don ya samu hanyar dawowa, tana tunawa tana murmushi ita kaɗai. Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa, kowa yana rufa wa kowa asiri.

Mus'ab, ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana sonta bai samu fuska ba, shi ya kai magana gaban Modibbo.

"Baffa, wanga yaro shi ka lalata ordinatar da gangan. Wane irin gyara ne ba ya ƙarewa?"

Zuwan Rashid na gaba, sai ya tarar da Modibbo zaune a zauren.

"Samari, ni ban san ordinata ba, amma na san mutane. In ba ka iya ba, kai maƙaryaci ne. In ka iya kana ɓatawa, kai macuci ne. Wanne zan ɗauka? Ka gyara ta gyaran ƙarshe, kuma kada in sake ganinka ƙohwar gidana da sunan gyara."

"To, Baba," in ji Rashid.

Da Fadila ta fito da ordinatar, ya rage murya. "Fadina, don Allah ki daina ɓata ta. Kin ga inda abin ya kai mu."

Ta zaro ido. "Ni? Ba kai ka barin ta haka ba?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Ni ma wallahi."

Suka kalli juna. Kunya ta rufe su, bayanta kuma tsoro ya biyo. In ba shi ba ne, ashe bai taɓa neman hanyar ganinta ba ke nan? In ba ita ba ce, ashe mai gyara kawai take kira? Fadila ta juya ga ordinatar.

"To wa ka yi? Iskoki?"

Tana rufe baki sai wata 'yar alama ta fito a gefen allon. Hannunta ya tafi kai tsaye.

"Tsaya! Mi za ki danna?"

"Mizajur ce, ta sabunta ordinata. Yayana ya ce duk sadda ta hito in danna."

Rashid ya koma bincike, ya dafe kai. Duk lokacin da ta sabunta, Linux tana canja zuciyarta, wadda ake kira noyo, pilot ɗin da ya ɗora da hannu kuma a jikin tsohuwar yake, sai a bar shi a baya. Maganin ɗan abu ne, sunansa dkms, shi ke sake gina pilot da kansa bayan kowace sabuntawa.

Ya daɗe yatsansa yana kan madannin. Ya san in ya danna, dalilin zuwansa gidan ya ƙare. Ya danna. Suka sabunta, suka kashe, suka kunna, fitilar kilen ta ci gaba da ƙyaftawa abinta. Bai taɓa jin haushin aikin da ya yi kyau ba sai ranar.

Kwanaki suka wuce, wifi lafiya lau, masu shi ne ba lafiya. Rashid ya sa wa wani batir a juye. Fadila tana buɗe darasi tana kallon fitilar, tana fatan ta mutu.

Ran nan da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Rezona, wifi na aiki. Babu abin da ya lalace. Ka zo."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya amsa: "Fadina, ina tahe. Amma ba ni kaɗai ba."

Da suka isa gidan, kawunsa ya shige gaba da goro. Modibbo ya dubi Rashid sama da ƙasa.

"Ta sake ɓaci?"

"A'a, Baba. Lahiyarta lau."

"To mi ya kawo ka?"

Rashid ya sunkuyar da kai, kawun ya tura goron gaba. Modibbo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Madalla. Abin da nike jira in gani ke nan. An tambayi Fadila, ta ce kai. Na ba ka."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure, dangi suka zo har daga Sukukutane, Mus'ab ma ya zo ya ci tuwo. Aka yi ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Cikin kayan amarya har da ordinatar, kilen tana soke a gefenta. Wifin bai sake ɓacewa ba, Rashid ma bai sake tafiya ba.