Kar Ki Taɓa Ni, Mama

A shagonsa na sayar da 'yan tsaki a Makera Gideon ya fara ganin Hadassah, ta zo saye.

"Kiwo za ki fara, 'yan mata?"

"A'a, cuta zan sa musu."

Kwalin 'yan tsakin ya kusa suɓuce masa. "Cuta? Da gangan?"

Ta yi dariya. Ashe ɗalibar likitancin dabbobi ce. A ɗakin gwaji suke ba 'yan tsakin ƙwayar cutar taifot ta kaji, wasu an yi musu rigakafi, wasu ba a yi ba, don a gane maganin da ke aiki. Gideon dai bai gane rabin bayanin ba, bakinta kawai yake kallo, bawan Allah.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Likitata, ni ma kin sa min wata cuta, kuma ba na son rigakafi."

"Mai tsakina, taka ba ta da magani."

Da magana ta yi nisa, wata rana ya ɗauko ta daga ɗakin gwajin zuwa Mahuta ta gaida mahaifiyarsa, Mama Christy. Suna isa ƙofa Hadassah ta ji kukan kaji daga bayan gida. Sakaran bai taɓa gaya mata Mama na kiwo ba!

Mama ta fito da hannu a buɗe. "Oyoyo 'yata!"

Hadassah ta ja da baya a firgice. "Mama, kar ki taɓa ni!"

Kafin Hadassah ta ƙara kalma, Mama ta koma ciki ta rufe ƙofa garam. Debby maƙwabciya, wadda ta daɗe da ƙyasa Gideon, ta ƙara gishiri: "Ai ƙyamar masu kaji take, Mama."

"In dai ni na haife ka, ba wannan ba," Mama ta ce wa Gideon.

Hadassah ta sha kuka. Ta ƙaurace wa ɗakin gwajin na 'yan kwanaki, ta yi wanka, ta sa sabbin kaya, sannan ta koma gidan Mama da roba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ƙofa ta zuba maganin a robar, ta tsoma takalmanta a ciki, ta durƙusa.

"Mama, rannan daga wurin kaji masu cuta na fito. Da kin rungume ni kin shiga wajen naki kajin, cutar tana iya bin zanenki."

Mama ta dafe ƙirji. Bara waccan cuta ta share mata kaji kaf, ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba.

"Wayyo ni! Ashe kajina kika tsare, ni kuma na kore ki?"

Ranar aure, ana fitowa daga coci, Mama ta tsaya gaban amarya tana hawaye.

"Likita, yau an yarda in taɓa ki?"

"An yarda, Mama."

Mama ta ƙanƙame ta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya." Har mai hoto ya gaji da jira, Mama ba ta sake ta ba.