Jakar Ƙarƙashin Gado

Shekara talatin ina sasanta ma'aurata a zuri'armu, ban taɓa yanke magana ba sai na duba yadda magabata suka yi. Amma ranar da ɗan ƙanena, kafinta, ya dire wata jaka a gabana, kaina ya ɗaure.

"Baffa, a ƙarƙashin gado na same ta! Kaya kala biyu, takalmi, takardun makaranta... Wata bakwai da aure, ashe shirin gudu take yi!"

Matarsa, malamar makaranta, tana rakuɓe a jikin ƙofa, idonta a kan hannuwansa, ba fuskarsa ba.

"'Yata, me ya yi miki?"

"Bai yi komai ba, Baffa."

"To ba kya son sa ne?"

"Ina son sa... shi ne ma abin da ke tsorata ni."

Na yi gyaran murya. Na san fushi, na san ƙiyayya. Wannan kam ban san sunansa ba.

Da ƙyar ta ce, "Ina shekara tara Umma ta koya min. Idan mahaifinmu ya fara duka, mu ɗauki jaka mu fice. Har yau ba na samun natsuwa in babu ita. Ko mayafi mijina ya ɗaga hannu zai gyara min, sai jikina ya hau rawa... Ni kaina na rasa gane kaina."

Kafinta ya dubi hannuwansa masu kaushi kamar yau ya fara ganinsu. A hankali ya mayar da su baya.

Na buɗe baki zan ce ta kwance jakar, kamar yadda aka saba. Ya riga ni.

"Bar ta a ɗaure, rabin raina. Amma ba a ɓoye ba. Kantar katako zan kafa wa jakar a bakin ƙofa."

"Kai!" na ce. "Wa ya taɓa share wa matarsa hanyar tafiya?"

"Baffa, in hanya a buɗe take amma ta zauna, na san ni ta zaɓa."

Ta fashe da kuka, da dariya a ciki. "Kar dai ka yi ta a karkace irin kujerar da ka yi wa Baffa..."

Bayan shekara guda aka kira ni asibiti. Jakar tana hannun kafinta. Na leƙa, sai na ga 'yan rigunan jariri fal.

"'Yata, naki kayan fa?"

Ta yi murmushi. "Na cire su, Baffa. Babu wuri."