Gonar da Tsuntsu Ba Ya Sauka

Ni dai ba na gulma, Allah ya sani, amma abin da ido ya gani baki ba ya iya riƙe shi. Maganar Rabe masinja ce, wanda katanga ɗaya ta raba mu da shi a Kawo.

Shekarar da gwamnatin soja ta ce kowa ya noma abin da zai ci, ma'aikata suka bazama fadama. Ana rabon takin zamani, akawu da direba kowa ya zama manomi. Rabe ya sami 'yar gona kusa da ta Luka malamin makaranta. Luka ya cika rumbu, shi kuwa Rabe tsuntsaye suka sauka wa geronsa, suka bar masa kara. Abin ya tsaya masa a rai.

Da rana tsaka ya hau kekensa zuwa bayan Rigasa, wurin wani boka da ba a kiran sunansa. Daga bakin Hansai matar Rabe na ji wannan, tun tana da hankalinta. Wai bukka ce a gindin busasshiyar tsamiya, an rataye mata zangarniyar dawa baƙa ƙirin. A ciki ga tukunya da jini ya daskare a bakinta, ga tsohuwar garma a kafe, ƙudaje sun lulluɓe ta, amma ba ka jin kukan ko ɗaya.

"Gona kake so ta yi albarka," in ji boka, bai ko ɗago kai ba.

"Ita ce, ranka ya daɗe. Me zan biya?"

"Mai aikin ba ya cin kuɗi. Kowane girbi, bakin da ya fara ɗanɗana amfanin gonar nasa ne."

Rabe ya yi dariya. "Ai tsuntsu ke fara ci, ko biri. Ya kwashe su duka ma, na gode!"

"Ka yarda ke nan?"

"Na yarda."

"Matso ka faɗa wa tukunya."

Ya faɗa. Boka ya tsaga masa yatsa, ya ɗiga jinin a kan irin gero, ya ce ya binne a tsakiyar gona.

Jama'a, gero ya yi gero! Zangarniya kamar damtsen ƙato. Luka ne ya fara lura. Ya ce, "Malam Rabe, gonar nan taka ko kurciya ba ta ratsa samanta. Ba ka jin tsoro?"

"Hassada ce ke cin ka, Malam."

Ya karyo tumun farko, aka gasa, ya kai wa tsohuwarsa Iya Balaraba kamar yadda ɗan kirki ke yi. Kafin la'asar Iya ta rasu, da hatsi a bakinta. Muka ce tsufa ne.

Rabe ya ajiye aikin masinja, ya sa rufin kwano, ya sayi injin ban ruwa da akori-kura. Da rani ya buɗe lambu, tumatir da albasa har ido ya gaji. Bai tuna cewa lambu ma girbi ne ba. Ɗansa na fari, Lawan, saurayin da ke tuƙa motar, ya tsinki tumatir ɗaya ya goge a riga ya gatsa. A kan kwando aka tsinci gawarsa.

Nan jikin Rabe ya yi sanyi. Ya koma wurin boka.

"Na ba akuya amfanin gonar, ta kau da kai. Na ba ɗan ƙwadago, ya ci, yana nan garau. Me ya sa sai nawa?"

"Jinin wa ka ɗiga a kan irin?"

"To, ka kwance mini!"

"Hanya ɗaya ce. Bar gonar ta ruɓe a tsaye, ka koma kan kekenka."

Ya dawo ya fashe wa Hansai da gaskiya. Ta zo ta amayar mini, washegari ta fito titi ba ɗankwali, tana rarrashin taɓarya a baya.

Kun zaci ya bar gonar? Ina! Wanda ya saba da mota. Wai zai yi dabara. 'Ya ɗaya ta rage masa, Zuwaira. Ya kai ta wurin goggonta a Birnin Gwari, ya hana ko barkono na gonar shiga gidansa, ya shafa wa kwandunansa jan fenti, ya sayar wa masu lodin Ikko kaɗai.

Motar masu lodin ta lalace a hanya. Direba ya ga kaya za su ruɓe, ya karyar da su a araha a garin da ya tsaya. Da Rabe ya je ɗaukar gawar Zuwaira, kwando mai jan fenti ya fara gani a ƙofar kicin.

Yanzu gidan ya rushe, injin ya yi tsatsa. Gonar tana tsirowa da kanta duk damina, ba mai zuwa kusa. Rabe yana tashar Kawo cikin tsumma, in ya ga mutum zai kai loma sai ya doke hannun yana ihu. Mutuwar ma ta ƙi ɗaukarsa.

Ku masu idon cin naira, ku ji da kyau. Wanda ya ƙi haƙuri da ɗan abin da Allah ya ba shi, ya je ya roƙi tukunya, da hannunsa zai haƙa kabarin 'ya'yansa, kuma ba zai sami mai haƙa masa nasa ba.