Ɗaki na Tara

"Wa ya ce ka canza mana ɗaki?"

A gindin matattakala Solange ta tsaya ta yi tambayar, jakar mahaifinta a hannunta. Saurayinta Armand ya ɗaga mata makulli yana murmushi, bai ma gane faɗa aka fara ba.

"Na sama na karɓar muku, zuciyata. Kina kwance kina kallon teku. Wancan na ƙasan me yake kallo? Motoci da injin ƙanƙara."

"Mu injin ƙanƙarar muke zuwa kallo."

"To sai in saya miki ɗaya mu kai gida."

Ba ta yi dariya ba. Tun tana jaririya iyayenta ke sauka a ɗaki na tara na wannan ƙaramin otal da ke gaɓar tekun jihar Maine, duk ƙarshen Yuli, idan maginan lardinsu na Quebec suka ajiye aiki suka tafi hutu. Mahaifinta Réjean magini ne. Bayan rasuwar matarsa Huguette mantuwa ta kama shi. Yakan manta ko ya ci abinci, amma ƙafarsa ba ta taɓa ɓatan hanya daga bakin ruwa zuwa ɗaki na tara ba.

Armand kuwa ya samu aiki can nesa a birnin Calgary, a Satumba zai fara. Sun shirya su yi aure su tafi tare, a bar tsohon a gidan kula da tsofaffi. A wannan hutun Solange ta yi niyyar gaya wa mahaifinta.

Ta wuce wurin Madam Pruitt, mai otal ɗin.

"Ɗakin ya tafi, 'yata," in ji matar. "Saurayinki ya bugo tun watan Mayu ya sake shi. Kin san ƙa'idarmu. Wanda ya kwana a ɗaki bana, nasa ne baɗi, sai in shi ya ce ba ya so. Waɗanda suka shiga sun daɗe suna jiran na ƙasa, suna da ƙananan yara."

Kwanakin farko lafiya lau. Armand ya dage. Ya kai su kan gadar katakon da ta shiga cikin teku suka ci soyayyen dankali da ruwan tsami, ya hau babban lilo da tsohon, kuma shi ke kai kujeru bakin ruwa da sassafe kafin a cinye wuri.

"Kai ɗan samari, haka ake kafa lema?" in ji Réjean. "Iska ɗaya za ta kai ta Portugal."

"Koya mini, Baba."

"Da wannan hannun naka mai laushi kamar na limamin coci? Matsa."

Idan tsohon ya juya baya sai Armand ya sunkuyo. "Kin gaya masa?"

"Gobe..."

Ranar Alhamis da rana Réjean yana gyangyaɗi a kujera, Armand ya ja Solange cikin ruwa. Ba su daɗe ba. Da suka fito kujerar ba kowa.

A ɗaki na tara suka same shi. An bar ƙofa a buɗe, ya shiga ya zauna a gefen gado, ƙafafunsa duk rairayi. Wata mata ta rungume 'ya'yanta biyu a lungu, mijinta na tsaye da waya a hannu.

"Don Allah kada ka kira kowa," in ji Solange. "Babana ne, ba shi da lafiya."

"A gaya wa mutanen nan su fita," in ji Réjean. "Huguette za ta canza kaya."

Ta kama hannunsa, ya biyo ta ba gardama. A tsakiyar matattakala ya tsaya, ya dubi sama, ya dube ta.

"Ina za ki kai ni, baiwar Allah?"

Bai taɓa kasa gane ta ba sai ranar.

Da yamma, bayan ya sha magani ya yi barci, ta sauko ta tarar da Armand jingine da motarsa.

"Laifina ne," ya ce.

"Alheri ka yi nufi, na sani. Amma bene ɗaya muka ɗaga shi, Armand, ya manta ni. Ina ga na kai shi gidan da bai sani ba na tafi?"

"To mu tafi da shi."

"Can ɗin ya sani?"

"Sai in fasa aikin."

"Kalle ni ka maimaita."

Ya kalle ta. Ya buɗe baki, sai ya mayar da ido kan tayar mota.

"Zan jira ki, Sol. Ki gaya mini kawai... har yaushe?"

"Ka ji abin da ka tambaya? In na ba ka lokaci, ranar mutuwarsa zan zauna ina lissafi. Duk tarin da ya yi in tuna da kai. Ba zan yi wa babana haka ba, kai ma ba zan yi maka ba."

"Ina son ki."

"Na sani, masoyi. Da ba ka so na, da abin ya zo da sauƙi."

Ta zare zoben baikonsu. Ya ƙi miƙa hannu, sai ta saka masa a aljihun riga ta daddaɓa wurin a hankali.

Da safe ya kai musu kujeru bakin ruwa, ya kafa lema yadda aka koya masa, ya tafi kafin tsohon ya tashi.

Solange ta sauko da mahaifinta a hankali, taki bayan taki. Ya girgiza sandar lemar ya ji ta kafu, ya gyaɗa kai ya zauna. Can ya juyo.

"Solange, me ya sami idonki?"

Jin sunanta a bakinsa ya karya abin da ta kwana tana riƙewa. Hawaye suka zubo.

"Ruwan teku ne, Baba."

"Sau nawa zan gaya miki ki rufe ido in igiyar ruwa ta taso? Zo nan."

Ta durƙusa a gabansa. Ya sa ƙaton babban yatsansa, wanda siminti ya cinye, yana share mata.