Kwalbar Duhu

"Wa ya taɓa min kwalbar duhu?!"

Muryata ta cika ɗakin gwaji. Mai Fitila, mai kula da injinanmu, wanda zan aura wata mai zuwa, ya ɗago a firgice.

Shekara uku ina fama in nuna cewa shuɗin haske ne ke zuga rinina ya fizge sinadarin kulorin daga gubar maganin ƙwari, ta karye. Hujjata kwalba ɗaya ce, naɗe ruf, kulle a akwati don kada ta ga haske; muddin gubarta ba ta karye ba, haske ne ke aikin. Yau ita ma gubarta ta karye. Wato haske ba ya komai kenan, gobe kuma Farfesa zai duba sakamako!

"Zuciyata, saurara..."

"Kar ka ƙara ce min zuciyata! Makullin akwatin nan biyu ne, nawa da naka. Hajiyarka ta ce in zaɓa, kai ko kwalabe. Shi ne ka taya ta?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wallahi na so ya yi ihu in samu abokin faɗa, amma ya ƙi.

'Yar gwaggonsa, wadda Hajiya ta so ya aura, mai taya mu aiki a nan, tana gefe tana wanke bututun gwaji. Ta langaɓe kai.

"Ayya, ki yi haƙuri. Bincike ai sa'a ne."

Na zare zoben da ya ba ni na dangwarar a tebur.

Bai kalli zoben ba. Ya ja labule, ya kunna shuɗiyar fitilar.

"Kowa ya miƙo hannu."

Nawa ba komai. Nasa ba komai.

Nata kuwa... yatsu uku suna walƙiya kore shar!

"Amma na wanke da sabulu!" ta faɗa, sai kuma ta dafe baki.

"Rinin nan ba ya jin sabulu," ya ce a sanyaye. "Jiya a gidan Hajiya kika ɗauki makullina, kika zo kika buɗe kwalbar ta sha haske. Ke za ki gaya wa Farfesa, ko ni?"

Ta fice tana kuka. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"Na zalunce ka... ka yafe min."

"Ke da rininki halinku ɗaya. Haske kaɗan, kun hau sama."

"Shi ai nan take yake sauka."

"Ke fa?"

"Awa shida sabon gwaji zai ci. Zauna ka gani."

Ya ja kujera. Na mayar da zoben yatsana, na rufe shi da safar hannu.