Jibi Ko Gata?

A wani ƙauye kusa da Roni akwai wata yarinya 'yar aji uku. Tana da ƙoƙari ƙwarai. Ko malamai sun san da haka. Abu ɗaya ne ba ta so, a ce akwai abin da ba ta sani ba.

A shekarar ne gwamnati ta ce za a canza hannun tuƙi. A da, motoci hagu suke bi. Yanzu za su koma dama.

Ranar Alhamis, dab da tashi, Malam Daudu ya shigo ajinsu.

"Yara, ga saƙo zuwa ga iyayenku," in ji shi. "Daga gata, mota da babur da keke duk za su koma hannun dama. Kun ji? Gata. Akwai mai tambaya?"

Yarinyar ta san gobe, ta san jibi. Amma gata? A gidansu an fi yin Barbarci. Gatan da ta sani shi ne na 'yar gata, wadda ake shagwaɓawa. Ta duba hagu, ta duba dama. Babu wanda ya ɗaga hannu. Sai ta ji kunya.

"Ai jibi ne ake cewa gata," ta ce a ranta.

Da yamma ta tarar da mahaifinta, Malam Zarami, yana goge kekensa.

"Baba, Malam ya ce jibi za a koma hannun dama."

"Na ji ana ta zancen a kasuwa, amma ban riƙe ranar ba," in ji shi. "Jibi Asabar ke nan. Kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Madalla. Amfanin sa yaro makaranta ke nan. Da ma ranar za mu Kazaure gaida Hajja Kaka."

Ranar Asabar da sassafe suka kama hanya. Baba yana tuƙa keke, ita tana baya. Ta rungume kwanon ƙuli-ƙuli da innarta Mairam ta ba da a kai wa kaka.

Da suka hau kwalta, babu mota ko ɗaya. Baba ya yi bisimilla, ya tsallaka hannun dama.

"Yau mu ma mun shiga sabon zamani," ya ce yana dariya.

Sun zo wata kwana kusa da duwatsu, sai suka ji ƙugin mota. Kafin su ankara, ga wata ƙatuwar motar kaya ta ɓullo. Kansu ta yo gadan-gadan!

"Innalillahi!" Baba ya yi ƙara.

Direba ya danna oda, ya taka birki. Tayoyi suka yi ƙara. Baba ya fizgi yarinyar, suka faɗa rami a gefen hanya. Keken ya tafi ƙarƙashin mota. Ji kake ƙaras!

Ƙuli-ƙuli ya watse a kan kwalta.

Yarinyar ta ɗaga kai. Ta ga jini yana zuba daga hannun Baba. Ta buɗe baki za ta yi kuka, amma kukan ya ƙi fita.

Direban ya diro a guje. Haladu sunansa.

"Subhanallahi! Kuna da rai? Malam, me ya kawo ka hannuna? Da yarinya a baya!"

"Ni zan tambaye ka!" in ji Baba cikin fushi. "Ba ka san yau aka koma dama ba?"

"Yau? Wa ya gaya maka? Gobe ne, Lahadi!"

A hankali Baba ya juya ya dubi 'yarsa.

"Me Malam ya ce muku?"

Ta amsa ƙasa-ƙasa. "Cewa ya yi gata."

"Gata? To, me ya sa kika ce mini jibi?"

"Na ɗauka duk ɗaya ne, Baba."

Haladu ya kama baki. "Duk ɗaya? Yarinya, dubi abin da kwana ɗaya ya yi."

Ta duba. Ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe a ƙarƙashin taya. Kujerar baya, inda take zaune ɗazu, ta baje. Nan ne kukan ya zo mata. Ta yi ta yi, har da shessheƙa.

Baba bai doke ta ba.

Haladu ya ɗaure wa Baba hannu da rawaninsa. Ya ɗora keken a mota, ya kai su asibiti a Kazaure. Aka ɗinke raunin. Likita ya ce ƙashi bai karye ba.

Da suka isa gidan Hajja Kaka, tsohuwar ta ga bandeji, ta dafe ƙirji.

"Zarami! Me ya same ka?"

Aka ba ta labari. Ta daɗe tana salati. Sannan ta jawo jikarta kusa.

"Zo nan. Ni ma da na zo garin nan ban san wannan kalma ba. Ba ni hannunki."

Ta kama yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya.

"In an kwana ɗaya, gobe. In an ƙara kwana, jibi. Bayan jibi sai gata. Bayan gata sai citta. Kowace da ranarta. Faɗi in ji."

"Gobe, jibi, gata, citta."

"Yauwa. Shekara mai zuwa fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Kaka."

"Baɗi ake cewa. Kin ga wani ya yi miki dariya?"

"A'a."

Yarinyar ta matsa wajen Baba, ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ka tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Alhali ban tabbata ba."

Baba ya dafa kanta da hannunsa mai lafiya.

"Na yafe miki. Rashin sani ba laifi ba ne. Laifin shi ne ki ɓoye shi. In ba ki gane magana ba, ki tambaya. In an ba ki saƙo, ki kai shi yadda aka faɗa. Kada ki canza ko kalma ɗaya."

"Na ji, Baba. Ba zan ƙara ba."

A Kazaure suka kwana. Washegari da hantsi suka fita bakin titi, inda mai gyara yake sa wa keken sabuwar ƙafa. Jama'a sun cika wurin suna kallo. Motoci suna wucewa a hankali, duk a hannun dama. Can sai ga motar Haladu. Ya leƙo ta taga yana ɗaga musu hannu.

"Malam Zarami! Yau kam hannunka ne!"

Baba ya tuntsire da dariya. Yarinyar ma ta yi dariya, tana riƙe da rigarsa gam.